Na datse wasan Shakespeare zuwa minti 40, wani ya ce na yi ta'asa

Mai Alli ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, amma ku yi mini haƙuri in ɗan yi shimfiɗa tukuna.

Ni malamin adabin Turanci ne a wata sakandaren je-ka-ka-dawo. Shekara uku ke nan da aka ɗora mini ƙungiyar wasan kwaikwayo, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don ranar da aka yi rabon ayyuka ban je taron malamai ba. Bana shugaban makaranta ya ce mu shirya wasa na ranar rabon kyaututtuka. Ya ba ni minti 40, ya ce in na ƙara ko minti ɗaya zai sa a kashe janareta.

Na ɗauko The Comedy of Errors saboda dalili guda: ina da tagwaye na gaske a aji biyar, waɗanda ni kaina sai na duba tabon da ke goshin ɗaya kafin in san wa nake yi wa faɗa. Ga wanda bai san labarin ba, iyayengida biyu ne tagwaye, kowanne da baransa, barorin su ma tagwaye ne. Haɗarin jirgin ruwa ya raba su tun suna jarirai, sai ga su duk huɗun a gari ɗaya, Afisa, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Tagwayena na ba su barorin, don su ne ke shan duka, kuma a nan dariyar take. Iyayengidan kuwa na samo yara biyu masu tsayi ɗaya na sa musu hula iri ɗaya.

Ko da yake shi ne mafi gajarta a wasannin Shakespeare, bai shiga minti 40 ba sai da na sa masa almakashi sosai. Dogon jawabin tsohon nan da aka yanke wa hukuncin kisa a farkon wasa na mayar da shi jimla biyar a bakin mai gabatarwa. Karuwar da ke ciki na cire ta gaba ɗaya, don iyayen yara za su zo, har da hakimi. Na bar wurin da matar gida ta kulle ƙofa tana cin abinci da ƙanin mijinta a zaton mijin ne, shi kuma mijin na gaske yana waje yana dukan ƙofa. Na bar rigimar sarƙar zinariya, da wurin da aka aiki bara ya kawo kuɗin beli ya dawo da igiya.

Sai wani abokin aikina, wanda ya fi ni takardu, ya zo kallon gwaji. Da aka tashi ya ce, Malam, ka yanka rago ka zubar da naman, ka kawo mana ƙaho da kofato. Ya ce wannan ta'asa ce, kuma ba ni da hurumin taɓa rubutun Shakespeare. Maganar ta tsaya mini a rai. Da dare na buɗe gabatarwar littafin da nake amfani da shi, wadda, in faɗi gaskiya, ban taɓa karanta ta ba, sai na ga ashe shi ma Shakespeare ɗin daga wani Barume mai suna Plautus ya kwaso labarin.

To tambayata biyu ce. Su Turawan Ingila na da, sun saba datse tsofaffin wasanni su mayar da su gajerun wasannin barkwanci, ko ni ne na fara wannan aika-aika? Kuma in sun yi, sata suke kiran abin ko me?

Dattijon Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, layin da ka shiga dogo ne, kuma malamin makaranta irinka ne a kusa da gabansa.

Fara da wasan da ke hannunka. Plautus ya rasu shekara 184 kafin haihuwar Annabi Isa. A wasansa Menaechmi tagwaye biyu ne kawai, bara ɗaya. Shakespeare ne ya ga abin bai ishe shi ba, ya leƙa wani wasan na Plautus ɗin, Amphitruo, ya ɗauko barorin masu kama ɗaya da maganar kulle wa maigida ƙofar gidansa. Wato wurin da ka ce ka bari saboda ya fi ban dariya, faci ne daga wata riga. An yi wasan a Gray's Inn, makarantar lauyoyi ta Landan, ranar 28 ga Disamba 1594, a daren da cunkoso ya yi yawa har taron ya rikice.

Amma kafin shi da kamar shekara 40 akwai Nicholas Udall, wanda ya shugabanci makarantar Eton daga 1534 zuwa 1541. Mutum ne mai saurin hannu. Wani tsohon ɗalibinsa, Thomas Tusser, ya rubuta a waƙa cewa bulala 53 ya taɓa sha a hannunsa a zama ɗaya. Shi ya rubuta Ralph Roister Doister wajen 1552, wanda ake yawan kira wasan ban dariya na farko da aka tsara da Turanci bisa ƙa'idar Rumawa. Ya ɗauko sojan nan mai cika baki na Plautus, da irinsa da ke cikin wasan Terence, wani marubucin Rum, ya tuɓe masa kayan Rum ya mayar da shi wani wawan Landan da ke neman auren wata mai dukiya, Dame Custance, alhali an riga an yi mata baiko da wani ɗan kasuwa. Da ta ƙi shi, sai ya haɗa yaransa zai ci gidanta da yaƙi, ya kifa bokitin kicin a ka a madadin kwalkwali. Kuyangin gidan suka fito da kayan girki suka tarwatsa su. Abokin nasa, Merrygreek, yana ɗaga hannu kamar zai kai wa matar duka, sai ya sauke a kan Ralph.

Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne wasiƙar soyayya. An rubuta ta daidai, amma Merrygreek ya karanta ta yana tsayawa inda ba a tsayawa, ta koma zagi. Bari in ƙera maka irinta da Hausa, ba fassara ba ce. Ɗauki wannan: ba na son ki don dukiyarki na zo neman aurenki. In ka numfasa bayan "dukiyarki", saurayin kirki ne. In ka numfasa bayan "son ki", sai a sako maka karnuka. Wannan ba daga Plautus ya zo ba, aikin malami ne da ya gaji da yaran da ba sa sa aya. Har wani littafin mantiƙi na Thomas Wilson ya kawo wasiƙar a bugun 1553 a matsayin misalin magana mai harshen damo.

Irin datsewar da ka yi kuwa, wato a zubar da labari a tsame wurin dariya kawai, ta yi ƙarfi ne lokacin da aka hana wasa. A 1642 majalisar dokoki ta rufe gidajen wasan Landan, a 1648 ta ƙara tsanantawa: ɗan wasa a yi masa bulala, ɗan kallo ya biya tarar sule biyar. Haka aka zauna har 1660. 'Yan wasa ba su da wata sana'a, sai suka riƙa yanko guntaye daga tsofaffin wasanni, gajeru yadda za a gama kafin sojoji su iso, a fake da cewa wasan tafiya a kan igiya ake yi. Daga Hamlet suka ɗauki masu haƙa kabari kawai. Daga wasan Sarki Henry na Huɗu suka ɗauki Falstaff, ƙaton nan maƙaryaci. Daga A Midsummer Night's Dream suka ɗauki masaƙin da aka sa wa kan jaki. An tara da yawansu a littafi mai suna The Wits a 1662. Gwaninsu shi ne Robert Cox. Francis Kirkman, mai buga littattafai, ya ba da labarin cewa Cox ya taɓa fitowa a matsayin maƙeri a wata kasuwar ƙauye, da aka gama sai maƙerin garin ya same shi ya ce in kasuwa ta watse ya zo ya yi masa aiki, zai ƙara masa kwabo 12 a mako a kan abin da yake biyan sauran yaransa. Sule guda ke nan, ga waɗanda suka riski kuɗin da.

Maganar sata kuwa tsohuwa ce. Shi kansa Terence an zarge shi da ita a Rum, don yana haɗa wasannin Girkawa biyu ya fitar da ɗaya, kuma a gabatarwar wasanninsa yake mayar da martani. A ɗaya daga ciki ya ce babu abin da za a faɗa wanda ba a riga an faɗa ba. A Ingila dokar haƙƙin mallaka ta 1710 buga littafi ta kare, ba hawa dandamali ba. Sai 1833 marubucin wasa ya samu dokar da ta hana a yi wasansa ba da izininsa ba.

Sarkin Musu ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru, amma ni ban gamsu ba. Don wani ya yi abu shekara 400 da suka wuce ba shi ke mayar da shi daidai ba. Mu ne nan muke zagin 'yan fim ɗinmu in sun kwafo fim ɗin Indiya sun sauya sunaye kawai. In Bature ya yi sai a ce "gado", in namu ya yi a ce "satar fasaha"? Kuma su masu guntayen nan yunwa ce ta sa su, ba hikima ba. Mai Alli, abokin aikinka yana da gaskiya ta wani gefen. Tsohon da za a kashe kafin faɗuwar rana shi ne gishirin wasan. In ka cire shi, saura mari da gudu kawai.

Dattijon Samaru ya amsa:

Ɗana, ba kowane aro na yaba ba. Awon da nake yi shi ne: me mai aron ya ƙara daga aljihunsa? Ga misali. Wani Bagirke ya rubuta wasa, Terence ya mayar da shi Phormio. Molière a Faransa ya ɗauka a 1671 ya fitar da Scapin, baran da ya sa tsohon maigida cikin buhu wai yana ɓoye shi daga maƙiya, sannan ya riƙa sauya murya yana jibgar buhun da sanda. Babu buhu a Terence. Bayan shekara biyar Thomas Otway ya kawo shi Ingila, ya ɗauke labarin daga Naples ya kai shi Dover, ya sa baran yana kwaikwayon bakin mutumin Wales, don abin da zai sa ɗan Landan dariya ke nan. Hannu huɗu, kowanne ya bar shaidar yatsunsa. Wanda ya sauya suna kawai, shi ne kake zagi, ni ma ina taya ka.

Af, tunda ka ambaci Indiya: fim ɗin Angoor na 1982, wanda Sanjeev Kumar ya fito a matsayin tagwaye, wannan wasan ne na Mai Alli. Daga Rum zuwa Landan zuwa Bambai.

Uwar Biyu ta amsa:

Sannunku. Sunana ya isa ya nuna muku abin da ya jawo ni wannan zaren. Ni ma a kan wasannin ƙarni na 18 na yi aikin kammala digirina, shekarun baya kafin yara su cinye mini lokaci.

Baba ya tsaya a zamanin hani, amma kasuwar gajerun wasannin nan ta fi ci ne bayan an buɗe gidajen wasa, kuma kuɗi ne ya ja ta. A Landan ana fara babban wasa mai kashi biyar wajen ƙarfe shida na yamma. In an gama kashi na uku sai a karya kuɗin shiga zuwa rabi. Wannan ne lokacin yaran shago da masu koyon sana'a da akawuna, waɗanda sai sun rufe wurin aiki suke fitowa. Mutumin da ya shigo a tsakiyar labari bai san wa ya kashe wa ba, don haka dole a ajiye masa wani abu cikakke a ƙarshe: gajeren wasa mai kashi ɗaya ko biyu, da dariya, sau da yawa da waƙa. Kalmar "farce" da suke kiran irin wannan da ita ma daga kicin ɗin Faransawa ta fito, ma'anarta abin da ake cusa wa kaza a ciki kafin a gasa. Cikon ciki, a taƙaice. Da masu gidajen wasa suka so soke rabin kuɗin a 1763, 'yan kallo suka farfasa kujeru da fitilu a Drury Lane da Covent Garden, sai da aka mayar musu da abinsu.

To kullum ana buƙatar sabon ciko, ina za a samo? Sai tsofaffin littattafai. Henry Fielding ya ɗauki wasan Molière na mai saran itacen da matarsa ta yi wa sharri, ta ce likita ne amma ba ya amsawa sai an lakaɗa masa duka, ya mayar da shi The Mock Doctor a 1732. Wani lokaci har rige-rige ake yi. A 1716 Charles Johnson yana shirya wa Drury Lane wani wasa da ya yanko daga farkon The Taming of the Shrew, wurin da aka tsinci mashayi a kwance aka kai shi gadon mai sarauta, ya farka ana ce masa ranka ya daɗe. Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya zai tuna Abu Hasan da Halifa Haruna Rashidu, zubin ɗaya ne. Christopher Bullock na gidan wasan Lincoln's Inn Fields ya ji ƙishin-ƙishin, ya zauna cikin 'yan kwanaki ya rubuta nasa, ya sa masa suna iri ɗaya, The Cobler of Preston, ya riga shi fitarwa. Wannan kam ko ni na kira shi sata, amma ba Shakespeare aka yi wa ba, maƙwabci aka yi wa.

Inda nake tare da Sarkin Musu shi ne nan. A 1754 David Garrick ya datse wancan wasa na Shrew zuwa kashi uku, ya kira shi Catharine and Petruchio. Ya zubar da mashayin, ya zubar da masu neman auren ƙanwar, ya bar miji da matar da yake horarwa kawai. Gajeren ya karɓu har ya kori na asalin daga dandamali. Sai 1844 aka sake ganin cikakken rubutun Shakespeare a Landan, a gidan wasan Haymarket. Shekara 90 ke nan mutane suna kallon guntu. A cikin shekarun nan ne kuma 'yan wasa suka ɗora wa mijin bulala a hannu, abin da babu shi a rubutun asali. A asalin, duk labarin horar da matar wasa ne da ake yi wa mashayi don a yi masa dariya. Da aka cire mashayin, sai abin ya tsaya tsirara: namiji yana hana mace abinci da barci, jama'a suna tafi. Almakashi ba ya rage tsawo kawai, Malam, yana iya juya maganar gaba ɗaya. Shi ya sa nake so in ji: da ka cire tsohon, wa ya rage a wasanka da zai sa mutum ya damu ko tagwayen nan sun haɗu ko ba su haɗu ba?

Mai Alli ya dawo:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba, wasiƙar nan taka na rubuta ta a allo ranar Litinin ba aya ba waƙafi, na sa yara biyu suka karanta. Ajin ya kusa tsagewa. Shekara tara ina koyar da alamomin rubutu, ban taɓa ganin sun shiga kansu kamar ranar ba.

Hajiya Uwar Biyu, tambayarki ta hana ni barci, don amsar ita ce babu kowa. Na zauna na sake lissafi. Ban iya dawo da jawabin duka ba, janareta na nan yana jirana, amma na dawo da tsohon da kansa. Na sa yaron da ya fi kowa sanyin murya ya zauna a gefen dandamali tun daga farko, hannunsa ɗaure da igiyar guga, dogari tsaye a kansa. Bai ce komai ba bayan jimla biyar ɗinsa. Duk lokacin da aka sauya fitowa sai dogarin ya ɗaga kai ya dubi rana ya gyara riƙon takobinsa na kwali. Wannan bai ci mini ko minti ɗaya ba. Don in samu sarari a ƙarshe na haɗuwar tsohon da matarsa, na sadaukar da wurin mai rukiyyar da aka kira ya cire wa maigida aljanu, wanda yaran suka fi so. Yaron da ke yin mai rukiyyar bai gaishe ni ba kwana biyu.

An yi wasan ranar Asabar. Abin da ban shirya ba shi ne ya fi tayar da dariya. Tagwayena ɗaya yana shiga ta hagu ɗaya ta dama, kuma na ɗaura wa ɗaya jan zare a hannu don mai kula da labule ya gane su. Zaren ya tsinke. A wurin kulle ƙofa, wanda ya kamata ya kasance a ciki yana zagin na waje sai aka turo shi waje, suka tsaya su biyu fuska da fuska a gaban ƙofa, minti 20 kafin lokacin da labarin ya yarda su haɗu. Wuri ya yi tsit. Sai ƙaramin ya dubi wansa sama da ƙasa, ya ce da Hausa, "A'uzu billahi," ya ruga ya koma bayan labule. Mahaifiyarsu tana layi na uku, ta yi dariya har sai da maƙwabciyarta ta riƙe ta.

Minti 43 muka yi. Shugaba bai kashe janareta ba, don hakimi yana dariya. Abokin aikin nawa ya zo, ya zauna a baya, da aka tashi ya ce mini har yanzu ƙaho da kofato ne, amma an gasa su da kyau. Na karɓa.

Baba, wata tambayar: wasan Udall ɗin nan, mata nawa ne a ciki? 'Yan matan ƙungiyar sun yi ƙorafi cewa bana maza ne suka kwashe duka da dariya, su kuma an bar su da tsayuwa a bakin ƙofa. In akwai wurin da za su kori maza da ludayi da muciya, na san inda zan dosa baɗi.

Dattijon Samaru ya amsa:

Huɗu ne, Malam: uwargida, da tsohuwar da ta raine ta, da kuyangi biyu, ɗaya bakinta ba ya hutawa. A baiti aka rubuta shi, Turancinsa kuma tsoho ne, yaranka za su sha wuya. Ka ɗauki ƙashin labarin ka zuba musu da Hausa. Bokitin dai ka nemi na roba.